Takalmin Hawan Keken Dutse: Tsakanin Kamu Da Ƙarko

Filin wasanni na wannan mako ya ɗan jingine ƙwallon ƙafa da dambe, ya nufi wani wasa wanda ba a cika jin labarinsa a shafin nan ba, watau hawan keke a kan duwatsu da cikin dazuzzuka. Keken kansa, ko da yake shi ke cin kuɗi mai yawa, za a bar shi sai wani jiƙon. Yau takalmin mahayin za a duba. Mai karatu yana iya cewa mene ne abin dogon bayani a takalmi, tun da yaro yakan tuƙa keke da silifa, wani ma ba kome a ƙafarsa. Haka ne, in dai a kan titi ne mai kwalta. Amma wanda ya gangaro daga kan tsauni, keken yana tsalle a kan duwatsu da saiwoyin itatuwa, ba zaune yake a sirdi ba. Tsaye yake, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, kusan duk nauyinsa yana kan feda biyu waɗanda kowace ba ta fi tafin hannu faɗi ba. Idan ƙafa ɗaya ta suɓuce a wannan hali, in an yi sa'a feda ta juyo ta farke masa ƙwauri. In ba a yi sa'a ba, sai a ɗauko shi daga cikin kwazazzabo.

A Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka wasan nan ya kafu. Ran 21 ga watan Oktoba na shekarar 1976 waɗansu samari suka taru a kan wani tudu kusa da garin Fairfax, cikin gundumar Marin, da tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyi waɗanda aka ƙera tun shekarun 1930 da 1940, suka yi tseren gangara a kan wata hanyar ƙasa mai tsakuwa. Tsawonta kimanin mil 2 ne, amma cikin wannan ɗan taƙi ana saukowa wajen ƙafa 1,300. Birkin kekunan a cikin cibiyar ƙafar baya yake, kuma kafin a kai ƙasa ya yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, tilas a kwance shi a sake cusa wani; daga nan tseren ya samo sunansa na Repack. Cikin mahayan da suka yi suna a wannan hanya akwai Charlie Kelly da Joe Breeze da Gary Fisher. Wanda ya dubi hotunansu zai ga ba wani takalmin wasa a ƙafarsu, sai manyan takalman fata irin na ma'aikatan gini, domin a wurinsu ƙafa ita ce birki na biyu, da ita ake tokare ƙasa idan an shiga kwana da gudu.

Daga nan abin ya bunƙasa da sauri. Joe Breeze ya ƙera keke na musamman domin wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper kasuwa a 1981, aka yi gasar zakarun duniya ta farko a ƙarƙashin ƙungiyar tseren keke ta duniya a garin Durango na Jihar Kolorado a 1990, sa'an nan wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996.

FEDA IRI BIYU

Kafin a fahimci takalmin sai an san abin da yake takawa. Feda iri biyu ce mahaya ke amfani da ita. Ta farko ita ce mai ƙugiya, wadda ake ɗaura wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin takalmi ya shige cikinta ya kulle, ba ya fita sai an murɗa dunduniya waje. Kamfanin Look na Faransa ya kawo ta wa masu tseren titi a 1984, Bernard Hinault ya ci babban tseren Faransa da ita a 1985, kamfanin Shimano na Japan kuma ya kawo irin tasa ta keken dutse, mai suna SPD, a 1990. Ta biyu ita ce shimfiɗaɗɗiya, wadda ba ta ɗaure kowa. Faifai ne kawai na alminiyam ko na roba mai tauri, faɗinsa wajen inci 4 ko ɗan fiye, an dasa masa ƙananan ƙusoshin ƙarfe kamar 10 a kowace fuska, kowace ta fito sama da milimita 3 zuwa 5. Ta sha bamban da fedar keken Raleigh da aka saba da ita, mai ɓarin roba biyu masu santsi. Wannan haƙora gare ta, kuma cizo aka yi ta ta yi.

Bayan 1990 sai aka ɗauka magana ta ƙare, mai ƙugiya ta ci gari. Duk wanda ya ɗauki kansa gwani ita ya koma wa, aka bar shimfiɗaɗɗiya wa masu koyo da 'yan wasan tsalle-tsalle na BMX, waɗanda ke hawa da takalman Vans, kamfanin da aka kafa a Anaheim a 1966, mai tafi da zane kamar saƙar zuma. Dalilin rainin kuwa ba na banza ba ne. A wancan zamani, da an shiga wuri mai gargada sai ƙafa ta riƙa rawa a kan feda, tana matsawa gaba kaɗan-kaɗan har ta faɗi. An ɗora laifin a kan fedar, alhali rabin laifin yana ƙarƙashin takalmi.

Maganin daga wajen mahaya dutse da hannu da ƙafa ya fito. Wani Ba'amurke mai wannan wasa, Charles Cole, ya kafa kamfanin takalmi a Kalifoniya a 1985, ya sa masa suna Five Ten, watau 5.10, wanda mataki ne a ma'aunin da masu hawan duwatsun Yosemite ke auna wuyar hawa da shi. Ya haɗa wata roba da ya kira Stealth domin ta manne wa fuskar dutse. A farkon shekarun 2000 aka sa robar nan a tafin takalmin keke, masu tseren gangara suka gwada, suka ga ƙafa ta daina rawa. Kamfanin Adidas na Jamus ya sayi Five Ten a 2011.

Wanda ya fi kowa wanke fedar nan daga raini shi ne Sam Hill, mutumin yammacin Ostireliya. Da shimfiɗaɗɗiyar feda da takalmin Five Ten ya zama zakaran duniya na tseren gangara har sau uku: a Rotorua ta ƙasar New Zealand a 2006, a Fort William ta Sikotilan a 2007, da Mont-Sainte-Anne ta Kanada a 2010. Masu gardama suka ce ai gangara ce, ba a bukatar tuƙi sosai. Sai ya koma gasar Enduro, inda mahayi ke hawa tudu da ƙarfin ƙafarsa yini guda sa'an nan a ƙidaya masa lokacin gangara, ya ci kambin duniya a 2017 da 2018 da 2019 a jere, a tsakanin abokan karawa waɗanda kusan dukkansu ƙafarsu a kulle take. Adalci dai ya sa a faɗi cewa yawancin zakarun gangara da mai ƙugiya suka ci, har da Greg Minnaar na Afirka ta Kudu, wanda ya ɗauki kambin sau huɗu, ɗaya a garinsu Pietermaritzburg a 2013. Abin da Hill ya tabbatar shi ne cewa ƙafar da ba a ɗaure ba tana iya zama daram, muddin an sa mata takalmin da ya dace.

SIRRIN YANA CIKIN ROBA

Roba ba iri ɗaya ba ce, ko da yake duk baƙa ce a ido. Tun da Charles Goodyear ya sami takardar mallakar hanyarsa ta dafa danƙo da farar wuta a 1844, masu sana'ar ke ta sarrafa haɗin: a ƙara wannan a rage wancan, a sami mai tauri ko mai taushi, mai tsalle ko marar tsalle. Ana auna taurinta da ma'aunin Shore, daga 0 zuwa 100. Tayar mota takan faɗa wajen 60 zuwa 70, tayar keken gangara mafi taushi kuwa wajen 40. Roba mai taushi tana barin ƙusoshin feda su nutse cikinta, ta rungume su ta kowane gefe, har ya zamana ba a iya jan ƙafa gaba ko gefe sai an ɗaga ta sama.

Amma taushi kaɗai bai isa ba, kuma nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa. Akwai wata halayya ta biyu, watau saurin da roba ke komawa siffarta bayan an danna ta. A ɗauki ƙwallaye biyu na roba masu taushi ɗaya, a sake su a kan daɓe: ɗaya ta yi tsalle ta dawo hannu, ɗaya ta faɗi tim kamar curin tuwo ta tsaya inda take. Ta biyun ta shanye ƙarfin bugun, ta mai da shi ɗan zafi a cikin jikinta. Ita ce ake nema a takalmin keken dutse. Domin idan keke na gudu a kan tsakuwa, feda tana bugun tafin takalmi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Robar da ke tsalle sai ta riƙa cilla ƙafa sama da ɗan abin da ido ba ya gani, kuma a kowane cillawa ƙusoshi suna sakin wurinsu. Wadda ba ta tsalle kuwa tana kwance a kansu kome girgiza. Shi ya sa takalmin gudu na 'yan tsere, wanda aka yi shi musamman domin ya mayar wa ƙafa ƙarfin da ta taka da shi, ya zama kusan mafi munin abin da za a hau wannan feda da shi. Ga kuma tafinsa mai kaurin soso, ga rami a tsakiya, ga manyan ƙuraje waɗanda ke hana shi kwanciya sosai a kan faifan.

To, ga inda gizo ke saƙar. Halayyar da ta sa roba ta kama ƙusa ita ce kuma ta sa ƙusa ta ci ta. Duk sa'ad da ƙarfe ya nutse cikin tafi ya yi ƙoƙarin zamewa aka hana shi, ɗan ɓarɓashi ya tafi. Bayan watanni sai a ga ramuka sun jeru a ƙarƙashin takalmin daidai da jerin ƙusoshin, har a iya gane irin fedar mutum daga tafin takalminsa. Takalmin nan da ake yanka daga tsohuwar tayar mota yakan shekara da shekaru bai ce uffan ba, sabo da taurinsa. Amma a ɗora shi a kan ƙusoshi sai ya riƙa yawo a samansu kamar akuya a kan langa-langa. Kowane kamfani yana tallan cewa nasa haɗin ya tara kamu da ƙarko gaba ɗaya. Five Ten na da Stealth, Specialized na da SlipNot, Shimano na da Ultread bayan ya taɓa yin amfani da robar Michelin mai tayar mota, Giro kuma ya yi aiki da Vibram, tsohon kamfanin Italiya wanda Vitale Bramani ya kafa a 1937 bayan abokan hawansa shida sun halaka a tsaunukan Alps a 1935. Ba shakka an ci gaba ƙwarai, bambancin da ke tsakanin manyan kamfanonin ma ya ragu. Duk da haka ba wanda ya soke dokar: abin da aka ƙara a kamu, daga ƙarko aka ciro shi.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai saye ita ce ina zai hau, kuma sau nawa. Wanda ke gangara mai tsanani, inda suɓucewa ɗaya ke nufin asibiti, ya sayi mafi kamu, ya kuma sa wa ransa cewa tafin abin ƙarewa ne kamar robar birki da taya, ya ware masa kuɗi tun da wuri. Wanda ke yawon mil 20 ko 30 a hanyoyin daji masu sauƙi, yana hawa yana sauka, roba mai matsakaicin tauri ta ishe shi, kuma za ta daɗe masa fiye da waccan nesa ba kusa ba. Har ila yau kamu yana iya yin yawa. Idan ƙafa ta sauka a karkace a kan feda mai dogayen ƙusoshi da tafi mai danƙo, ba ta gyaruwa sai an ɗaga ta ɗungum, abin da ba kowa ke da zarafin yi ba a tsakiyar gangara. Mai koyo yakan ƙarasa tafiyar da ƙafa a murɗe, gwiwa ta biya bashin. Masu wasan tsalle, waɗanda ke cire ƙafa a sararin sama su mayar, da gangan suke zaɓen wanda bai cika kamawa ba.

A SHAGO

Wanda ya riƙe takalmi a hannu yana da gwaje-gwajen da ba sa bukatar na'ura. Ya danna farcen babban yatsa a tafin ya saki. In shaidar farcen ta ɓace nan take, robar mai tsalle ce. In ta ɗan jima kafin ta cike, alama ce mai kyau. Sa'an nan ya dubi zanen tafin. Wurin da ke taka feda, daga ƙarƙashin yatsu zuwa tsakiyar ƙafa, ya kamata ya zama shimfiɗaɗɗe, da ƙananan zane marasa zurfi, ko ɗigo-ɗigo ko saƙa, inda ƙusa za ta sami masauki ko ina ta faɗa. Zane mai zurfi amfaninsa a goshi da dunduniya yake, domin duk mai hawan dutse wata rana zai sauka ya tura kekensa a tudu mai santsi, kuma tafin da ya yi sumul daga farko har ƙarshe yakan kunyata mai shi a cikin taɓo. Wanda ya je shago da fedarsa a aljihu ya kara ta a tafin ya fi kowa dabara, ko da mai shago zai dube shi da mamaki.

Daga nan sai ya kama takalmin da hannu biyu ya lanƙwasa, ya kuma murɗa. Wanda ya naɗe kamar tabarma ya yi laushi da yawa: ƙafa za ta riƙa lanƙwashewa a kan gefen feda, bayan sa'a biyu tsakiyar tafin ƙafa ya ɗauki zogi, kuma duk saukowa daga tsalle a ƙashi za a ji ta. Wannan shi ne aibin takalman kambas da na 'yan allon gudu, waɗanda in ba don haka ba da sun wadatar, ga su da araha. Wanda kuma ya ƙi lanƙwasuwa sam kamar katako, irin na masu feda mai ƙugiya, ya hana mahayi jin inda ƙafarsa take, ya kuma hana tafin kwanciya cikin ɗan kwarin da ake yi wa tsakiyar feda mai kyau. Abin da ake so shi ne mai tauri daga dunduniya zuwa tsakiya, mai ɗan sassauci wajen yatsu. Mai nauyin jiki da mai ƙaramar feda su karkata wajen tauri.

Goshin takalmi a matsa shi da yatsa, a tabbata an ƙarfafa shi, domin kututture da dutsen da ciyawa ta rufe ba sa sallama, kuma babban yatsa ne ke fara gamuwa da su. Waɗansu takalman an ɗaga gefensu na ciki ya rufe idon sawu, sabo da ƙarfen feda da ke bugunsa. Masu gangara suna son haka, masu dogon zango suna ganin zafi ne da nauyi kawai. Igiya kuwa abin kula ce fiye da yadda ake zato, don madaukin da ya yi tsawo a ƙafar dama yana iya shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta ya ɗaure ƙafa da keke a lokacin da ba a so. Takalma da yawa suna da ɗan zobe na roba a kan harshe inda ake cusa ragowar igiya, wasu kuma sun koma wa maɓallin BOA mai siririyar waya, wanda ake murɗawa ya tsuke. Yana da sauri, ba ya shan ruwa, sai dai in dutse ya fasa shi a daji ba a ɗaure shi da ƙulli yadda ake yi wa igiya.

Batun awo gajere ne. A gwada da yamma, sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a hau da ita. A bar wajen faɗin yatsa a gaba, dunduniya kuma kada ta ɗaga in an yi ɗage. Lambar kamfani ɗaya ba lalle ta yi daidai da ta wani ba.

INDA TAKALMI KE MUTUWA

Idan ana maganar ƙarko, hankali yakan tafi ga tafi kaɗai, alhali sau da yawa wani wuri ne ke fara sallamawa. Tsakanin robar ƙasa da ƙafa akwai wani soso da ake kira EVA, wanda shi ke shanye duka. Da amfani yakan danƙare ya ƙi tashi, musamman daidai inda feda ke zama, sai takalmin da aka saya da tauri ya koma laɓo-laɓo ko da tafinsa bai huje ba. Na biyu shi ne gam. Yawancin takalman nan manna tafinsu aka yi, kuma daga goshi ko gefe yake soma ɓamɓarewa. Wanda aka bi gefensa da ɗinki bayan gam ya fi jurewa. Na uku shi ne saman takalmin. Fata mai gashi-gashi tana da daɗi a ƙafa, tana kuma jure gogayya, amma in ta sha ruwa sai ta yi nauyi ta kwana biyu ba ta bushe ba, wanda kuwa ke hawa a ƙasa mai yawan ruwan sama irin Sikotilan ya san takaicin sa jiƙaƙƙen takalmi da sassafe. Saman da aka yi da leda mai kauri ko saƙar roba ba ya riƙe ruwa, ana share shi da tsumma, sai dai wani ba ya barin iska ta shiga, a ƙasar zafi kuwa wannan ma azaba ce. A dubi kuma gefen ciki, inda ƙarfen feda ke goga a kowane zagaye. In ɗinki ya ratsa ta wurin, nan zai fara tsinkewa.

Kuɗin takalmi na kirki daga manyan kamfanoni yakan kama daga kimanin dala 100 zuwa 200, abin da ya sa mutane da yawa ke leƙa gwanjo. Ba laifi, amma roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Iska da hasken rana suna busar da ita ta yi tauri ta soma ƙyalli, gam ma yana mutuwa a ajiye. Takalmin da ya yi shekaru a cikin dila yana iya fitowa fes a ido alhali kamunsa ya tafi. Gwajin farce shi ke tona wannan asiri.

Mai takalmi yana da hannu a tsawon ransa. Kada a mai da shi na zuwa kasuwa da ofis, gama kwalta tana suɗe roba mai taushi fiye da yadda ƙusoshi ke yi. In ya jiƙe a wanke taɓon, a zare shimfiɗar ciki, a cusa masa tsohuwar jarida (ko wannan ma, bayan an gama karantawa), a ajiye shi a inuwa mai iska. Kusa da murhu, ko cikin motar da aka rufe a rana, nan gam ke narkewa. Da an ga gefe ya fara buɗe baki a kai wa mai gyaran takalmi ya manne tun ƙasa ba ta shiga ba. A Turai da Amurka akwai masu sana'ar sake wa takalman hawan dutse tafi, waɗansunsu kuma suna karɓar na keke, su sa sabuwar roba a kan tsohon sama, muddin soson tsakiya bai mutu ba.

Feda ma tana da nata rabo a wannan lissafi. Ƙusoshi sirara masu tsawo sun fi kamu, sun kuma fi cin tafi da ƙwauri. A feda da yawa ana iya kwance su a sa musu wasa a ƙarƙashi a rage tsawonsu, ko a cire na tsakiya domin ƙafa ta zauna cikin kwari. Wanda ya sayi takalmi mai matsakaiciyar roba ya haɗa shi da faffaɗar feda mai ƙusoshi masu kaifi yakan sami kamun da ya ishe shi ba tare da ya sayi sabon takalmi kowace shekara ba. Akasin haka, takalmi mafi tsada a kan fedar leda marar ƙusa, irin wadda ake haɗo sabon keke da ita, asarar kuɗi ce. Sa'an nan akwai yadda ake ɗora ƙafar: tudun da ke bayan yatsu ya ɗan wuce sandar tsakiyar feda zuwa gaba, dunduniya kuma a sauke ta ƙasa a wurin gangara da lokacin taka birki, yadda nauyin jiki zai riƙa tura takalmi cikin ƙusoshi. Wanda ya tsaya a kan yatsu ya ɗaga dunduniya, ko wace irin roba ya saya, dutsen farko zai raba shi da fedarsa.

Alamar cewa takalmi ya gama aiki ba ta da wuyar ganewa. Ramukan ƙusoshi sukan faɗaɗa har su haɗe su zama kwari ɗaya, ƙafa ta riƙa komawa wuri guda ko ba nan ake so ba, tana kuma motsi a cikinsa. In aka ga launin soson tsakiya ya leƙo ta cikin ramin, ko ruwa ya fara shigowa ta ƙasa, an kai ƙarshe. Kafin a ɗora wa takalmin laifi dai, a shafa ƙusoshin da yatsa, domin su ma duwatsu suna daƙushe kansu ko su karya su, kuma saitin sababbi bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin takalmi ba.